Harafi a Hannun Mai Tsara Zane: Sharhi a Kan Littafin Afrikan Alphabets

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba littafin Afrikan Alphabets na Saki Mafundikwa, wanda ya fito a shekarar 2004, tare da tafarkin da ya shimfiɗa na koyar da ɗalibai isar da saƙo ta hanyar gani. Mafundikwa ɗan Zimbabuwe ne. Ya karanci tsara zane a Amurka har ya sami digiri na biyu a Jami'ar Yale, ya yi aiki a birnin Niyok, daga baya ya koma Harare ya buɗe makarantar ZIVA a 1999 domin koyar da tsara zane a kwamfuta. A harshen Shona, kalmar ziva tana nufin sani.

Ɗalibin harshe zai iya tambayar me ya haɗa shi da littafin masu zane. Amsar ita ce, duk abin da ya nazarta a kan ƙa'idojin rubutu, a hannun mai tsara shafi yake ƙarewa kafin ya isa ga mai karatu.

2.0 Abin da Littafin Ya Zo da Shi

Ƙorafin Mafundikwa shi ne, ana koya wa ɗalibin Afirka tsara zane kamar dai tarihin harafi ya fara daga Rum ya ƙare a Jamus da Suwizalan, alhali nahiyarsa tana da nata tsarin rubutu. Saboda haka sai ya tattaro misalai. Akwai rubutun Vai na Laberiya, wanda Momolu Duwalu Bukele ya fito da shi a shekarun 1830, akwai Tifinag na Abzinawa da Gi'iz na Habasha da alamomin Adinkra na Gana da Nsibidi na kudu maso gabashin Nijeriya. Manufarsa ita ce ɗalibi ya cika idonsa da waɗannan siffofi kafin ya kunna kwamfuta.

A nan ya yi gaskiya. Da yawa daga wuraren da ake koyon wannan sana'a a garuruwan Hausa, abin da ake koyarwa shi ne inda ake latsawa a CorelDraw ko Photoshop. Yaro ya iya sa inuwa a bayan harafi, ya iya cusa launi bakwai a katin biki guda, amma ba a taɓa tambayarsa ina idon mai karatu zai fara sauka ba. Manhaja tana sauyawa duk bayan ƴan shekaru, ido kuwa in ya horu ya horu ke nan.

Misalin da ya fi kowanne amfani ga aji shi ne na Sarki Njoya na Bamum, a Fumban ta ƙasar Kamaru. Wajen 1896 ya soma da alamomi fiye da 400, akasarinsu hotunan abubuwa ne. Bai tsaya nan ba. Ya yi ta gyara yana ragewa, har zuwa wajen 1910 ya dawo da su kimanin 80, kowace tana wakiltar gaɓar kalma. Alamomin farko sun fi kyan gani, amma na ƙarshe su ne aka iya koyarwa a makaranta, aka rubuta tarihi da su. Ke nan Njoya ya zubar da ado ne domin karatu ya yi sauƙi, kuma wannan shi ne babban darasin tsara zane.

3.0 Inda Aka Samu Rauni

Rauni na farko yana cikin sunan littafin kansa. Kalmar alphabet tana nufin tsarin da harafi ke wakiltar baƙi ko wasali. Vai da Bamum tsarin gaɓa ne. Adinkra kuwa alama ce mai ɗauke da ma'ana ko karin magana, ba a rubuta jimla da ita. Mai zane zai ce wannan gardamar malaman harshe ce, to amma tana da sakamako a aji. Idan an jera su duka a matsayin siffofi masu ƙayatarwa, ɗalibi zai ɗauki harafin Vai ya manna a gefen fasta kamar zanen lalle, ya bar ainihin saƙon cikin harafin Turanci. An yi wa rubutun kwalliya, amma ba a karanta shi ba.

Rauni na biyu ya fi shafar mai nazarin Hausa. Tafarkin ya karkata ga rubutun da Afirka ta ƙirƙira, sai hankali ya kau daga rubutun da miliyoyin mutane suke karantawa kullum, wato boko da aka gyara domin harsunan Afirka, da ajami. A nan ne kuwa ake ɓarna. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun Hausa tun shekarun 1930, a Nijar kuma ana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Duk da haka yawancin samfuran haruffa na ado da masu zane ke so ba su da su. Mai zane sai ya yar da ƙugiyar. Allo ya ce masaukin baki maimakon masaukin baƙi, fada ta rikice da faɗa, kafa da ƙafa. Wani lokaci kwamfuta ce ke aro harafin daga wani samfurin, sai a ga ƙ siririya tsaye a tsakiyar kalma mai kauri, kamar baƙo a taron dangi.

Maganin da aka yi a shekarun 1990 da 2000 ma ya bar baya da ƙura. An ƙirƙiri samfuran da suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. Muddin samfurin yana cikin kwamfutar, komai lafiya. Da zarar an buɗe takardar a wata na'ura, sai ƙasa ta koma }asa, ɗalibi ya koma ]alibi. Kundayen digiri da dama suna nan a haka. Alhali tsarin Yunikod ya ba waɗannan haruffa lambobinsu tun farkon shekarun 1990, daga baya ya karɓi Tifinag a 2005, Vai a 2008, Bamum a 2009. Lambobin suna nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zana harafin da kyau.

Zana shi kuwa aiki ne na gaske. Ƙugiyar babban Ɗ da Ɓ tana fita ta hagu, don haka tana cin filin harafin da ya gabace ta, sai an daidaita tazara. Ƙugiyar ƙaramin ƙ in ta yi ƙanƙanta, daga nesa ba a bambanta ta da k. Littafin nahawu mai alamomin karin sauti da tsawon wasali yana bukatar ƙarin fili tsakanin layuka, in ba haka ba alamomin su taɓa ƙafafun haruffan sama. Ajin da ya ɗauki darasin Njoya da muhimmanci zai iya farawa daga nan: a ba ɗalibi kalmar ƙaiƙayi ya zana ta da girma uku, a manna a bango, a ja da baya taku ashirin, a kira wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta.