Jawabin Biki da Rufin Asiri: Tarken Fim ɗin Festen

1.0 Gabatarwa

Festen, wato Biki, fim ne na ƙasar Danmak wanda Thomas Vinterberg ya ba da umarninsa a 1998, ya kuma rubuta shi tare da Mogens Rukov. A shekarar ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes, a Faransa. Shi ne fim na farko a ƙarƙashin tsarin Dogme 95, wanda Vinterberg da Lars von Trier suka shelanta a 1995. Wannan takarda za ta dubi yadda fim ɗin ya yi amfani da jawabin biki wajen tona asiri da kuma binne shi.

2.0 Labarin a Taƙaice

Helge, attajiri mai otal, ya tara dangi da abokai domin bikin cikarsa shekara 60. Ƴaƴansa uku sun hallara: Christian, Helene da Michael. Ta huɗun, Linda, wadda suke tagwaye da Christian, ba ta daɗe da kashe kanta a otal ɗin ba. Ana cikin cin abinci Christian ya miƙe, ya ce ya rubuto jawabi biyu, ɗaya a koriyar takarda ɗaya a rawaya, uban ya zaɓa. Ya zaɓi koriya. A cikinta Christian ya bayyana cewa mahaifin nasu ya riƙa yi musu fyaɗe, shi da Linda, suna yara.

3.0 Jigo

Mai kallo zai zaci biki ya watse ke nan. Sai aka yi ɗan tsit, aka ci gaba da ci da sha. A nan babban jigon yake. Laifin Helge ya fito tun da wuri. Abin da ya rage shi ne yadda jama'a ke haɗa kai su ƙi jin abin da kunnensu ya ji.

Kowa da hanyarsa. Helmut, Bajamushen da ke jagorantar taron, yana kiran mai jawabi na gaba kamar ba a ce komai ba. Helene ta ce wa baƙi zancen ba gaskiya ba ne, alhali wasiƙar Linda tana ɓoye a wurinta. Uwar, Else, ta fi kowa iya magana. Cikin murmushi ta tuna wa baƙi cewa tun yana yaro Christian ke da ƙirƙirar labari, sannan ta nemi ya ba ubansa haƙuri. Ba ta ambaci laifin ba ko sau ɗaya, amma ta mai da mai ƙara abin tuhuma. Ya kamata ɗalibin harshe ya lura da wannan jawabi: kalmominsa na ƙauna ne, aikinsa kuwa ƙaryata ɗa ne a bainar jama'a.

Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Fim ɗin yana tambaya ne: wa wannan shirun yake karewa? A gidan Helge mai laifi yake karewa, yaran su ɗauki nauyin.

4.0 Salo

Dokokin Dogme 95 sun hana ƙara kiɗa bayan ɗauka, sun hana fitilu na musamman, sun wajabta riƙe kyamara a hannu. Anthony Dod Mantle ya ɗauki fim ɗin da ƙaramar kyamarar bidiyo, shi ya sa hoton ke rawa, yana dusashewa idan dare ya yi. Ya yi kama da bidiyon biki da wani ɗan'uwa ya ɗauka. Tun da babu kiɗan da zai gaya wa mai kallo abin da ya kamata ya ji, sai ya tsinci kansa a teburin tare da baƙi, cikin irin shirunsu.

5.0 Rauni

Fim ɗin bai rasa kasawa ba. Gbatokai, baƙar fata saurayin Helene, ba a gina shi ya zama cikakken mutum ba. An kawo shi ne don a nuna wariyar launin fatar Michael da baƙin da suka taya shi waƙar cin mutunci. Haka kuma juyawar Michael ta yi sauri: wanda ya fitar da wansa da ƙarfi da yamma, shi ne ya doki uban da dare, ya sallame shi daga teburin karin kumallo da safe.

6.0 Kammalawa

Sau da yawa Christian ya faɗi gaskiya da bakinsa, aka kore shi, har aka ɗaure shi a jikin itace. Ba a yarda ba sai da Helene ta karanta wasiƙar Linda a gaban taro. Ke nan shaidar matacciya ta fi ta rayayye nauyi a wurinsu. Wannan shi ne hukunci mafi tsanani da fim ɗin ya yanke, kuma a kan baƙin ya faɗa tare da uban.