Littafi Mai Tsarki A Cikin Wayar Hannu

A shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan aikin shekaru masu yawa da Likita Mila, wanda ya daɗe a Zariya, ya yi tare da abokan aikinsa. Mutane da yawa a wancan zamani sun shiga ajin karatu ne don kawai su iya karanta shi da kansu. Yau kuwa littafin nan mai nauyi ya shige cikin aljihu. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. A 2008 wata ikilisiya ta jihar Oklahoma, a Amurka, ta fito da YouVersion, watau manhaja da a ke sa wa cikin waya domin karanta Littafi Mai Tsarki. Kafin ƙarshen 2021 an sa ta cikin wayoyi sau miliyan 500, Hausa kuma tana cikin harsunan da ta ƙunsa. Abin da ya yaɗu haka ya kamata a auna shi, a ga amfaninsa da aibinsa.

Amfaninta ba ya ɓoyuwa. Kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana iya ƙara girman baƙaƙe, ko ya saurara ana karanta masa. Wanda ya tuna kalma ɗaya ya manta inda ta ke, ya kan rubuta ta, nan da nan wurin ya fito. Ana iya jera fassara biyu a gwama, abin da a dā sai mai littattafai da yawa. A 2020 kuma, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe majami'u, iyalai da yawa da waya suka yi sujada a ɗakunansu. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba.

Amma fa akwai aibi, babbansa kuwa yana cikin abin da mutane suka fi ƙauna, watau ayar yini. Kowace rana manhajar ta kan zaɓo aya ɗaya ta miƙa wa mai waya, sau da yawa a kan hoto mai kyau, da wurin dannawa don a tura wa abokai. To, annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobi ba. Surorin da a ke bi yanzu a kan danganta su ga Sitifen Lanton, babban bishop na Kantabari a ƙarni na 13. Ayoyin Sabon Alkawari kuwa, wani Bafaranshe mai buga littattafai, Roba Estiyen, shi ya lambace su a 1551. An yi lambobin ne domin a sami wuri da sauri, kamar alamun mil a bakin hanya. Alamar mil kuwa ba masauki ba ce.

Ga misali. Irmiya 29:11 tana cikin ayoyin da aka fi turawa, domin tana maganar alheri da Allah ya nufa wa jama'arsa. Ɗan kasuwa ya kan karanta ta ya ce ribar bana ta tabbata. Alhali kuwa surar nan wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe daga Urushalima zuwa Babila. Annabin ya gaya musu su gina gidaje, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, gama sai shekara 70 sun cika za a komo da su. Har ya gargaɗe su a kan masu yi musu annabcin ƙarya. Wanda ya karanta surar duka ya koyi haƙuri. Wanda aka ba shi aya ɗaya tak, mai yiwuwa ne ya koyi gaggawa, in shekara ta ƙare ba riba ya ce an ruɗe shi. Haka kuma Filibiyawa 4:13, wadda ɗalibai ke riƙewa lokacin jarrabawa. Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa duka.

Aibi na biyu shi ne lissafi. Manhajar ta kan ƙidaya kwana nawa mutum ya jera yana buɗe ta. Wannan yana taimakon mai mantuwa, gaskiya ne. Sai dai na'ura buɗewa ta ke iya ƙidayawa, ba ta san ko an fahimta ba.

Na uku ba laifin masu manhajar ba ne, laifin maƙwabta ne. A kan gilashin da ayar ta fito, nan labaran duniya su ke fitowa, na gaskiya da na ƙarya, duka da wurin dannawa iri ɗaya. Yatsan da ya saba tura aya ba tare da duba abin da ke gabanta da bayanta ba, haka zai yi da labari. A watan Agusta 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, wani saƙo ya game Nijeriya cikin dare, wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Aka ta da 'yan'uwa daga barci kafin asuba. Jaridu suka ba da labarin an kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu kuma sun mutu. Masu turawa ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su. Amma ƙaunar da ba ta bincike tana iya kisa. Littafin da ke cikin wayar ya hana shaidar zur, ya kuma yabi mutanen Biriya domin sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su tabbatar da abin da Bulus kansa ya faɗa musu.

Hukunci dai shi ne, manhajar nan kayan aiki ne mai kyau, amma ƙofar da ta fi buɗewa ita ce mafi ƙanƙanta. Wanda ya sha wahalar koyon karatu da girmansa bai koya don layi biyu a yini ba. In aya ta zo masa, sai ya buɗe surar duka, ya tambayi wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, cikin wane hali. Wasiƙar Filibiyawa sura 4 ce kacal, a zama ɗaya a ke gama ta. In labari ya zo masa kuma, ya yi masa tambayoyin nan uku kafin ya tura.