Binciken Malawi kan kumburin ƙwaƙwalwa: abin da ya faɗa da abin da ya bari

Duk damina, daga Samaru har Sabon Gari, za ka ji an ce maleriya ta hau wa yaro kai: jijjiga, suma, daga nan sai asibitin Shika. To me ke kashe yaron a zahiri?

A 2015 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken da aka yi a Blantyre, ƙasar Malawi. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 masu wannan ciwo da na'urar MRI. Cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai. Cikin waɗanda suka rayu kuwa, kashi 27 cikin 100 ne kawai.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar ba ta shiga naman ƙwaƙwalwa. Jajayen ƙwayoyin jinin da ta kama ne ke maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyi, jini ya cunkushe. Bangon ya fara yoyo, ruwa ya tsiyaya cikin nama. Ƙwayoyin da iskar oksijin ta yanke musu su ma sai su tara gishiri, su zuƙo ruwa. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Matsin sai ya danne gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, numfashi ya tsaya.

Binciken ya cancanci yabo, amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, ya nuna kumburi na tare da mutuwa, bai tantance wace hanya ce ta fi haddasa shi ba, kuma magani ya dogara da wannan. Mannitol, maganin da ke janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, an gwada shi a kan yara a Kampala, bai rage mutuwa ba. Na biyu, MRI ba kayan asibitin unguwa ba ne. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye a babur da tsakar dare, wa zai ɗauke shi hoto?

Duk da haka akwai darasi. Kumburin yakan sauka a jikin waɗanda suka rayu, wato lokaci shi ne komai. Yaro mai zazzaɓi ya fara jijjiga ko ya daina gane mutane, kada a tsaya jiran gari ya waye, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti domin allurar artesunate.