Gwanin da ke jin abin da ba a faɗa ba

Mace za ta taso daga Argungu zuwa asibiti a Birnin Kebbi ta ce ƙirjinta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata. A auna jini, a ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Gwanin da nake yabo shi ne mai ajiye biro ya ce, "Baiwar Allah, yaushe abin ya fara?" Sai ya yi shiru. Can ta ambaci rasuwar gwaggon da ta riƙe ta, ta yi maza ta sauya magana. Nan ya kafa kunne.

Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya rasu a 1939, shi ya ɗora harsashin wannan hanya ta sauraro. A ganinsa, abin da mutum ya danne tun yarinta, tsoro ko fushi ko kunya, ba ya mutuwa. Yana ɓullowa a mafarki, a suɓutar baki, a ciwon da babu shi a gwaji. 'Yarsa Anna ta fayyace a 1936 dabarun da zuciya ke kare kanta da su: musu, ko huce haushin miji a kan yara. Aikin gwanin kamar na masunci ne a kogin Matan Fada, ruwa ya gurɓace, ido ba ya gani, hannu ke lalube. Har in matar ta fara jin haushinsa ba gaira ba dalili, ba ya ɗauka da zafi. Ya san fushin na wani ne, aka sauke masa.

Amma fa hanyar na da rauni. Masanin falsafa Karl Popper ya soke ta da cewa ba ta ƙaryatuwa: ka amince an ce gaskiya ne, ka musa an ce dannewa ce. Kuma an gina ta kan gidan Turawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina za ta sa gidan kishiyoyi, da riƙo, da uwar da ke kunyar ɗan fari? Ga cin lokaci, watanni ko shekaru, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Wanda ke jin muryoyi kuwa, hira kaɗai ba ta isar masa. Gwanin kirki zai rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato, a fara da magani.