Katin Ƙari a Inbata: Kada a Mayar da Shi Shugaban Masana'anta

Inbatar da ke sarrafa gudun motar lantarki mai juya inji a masana'anta ba baƙuwa ba ce, tun 1968 kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak ya fara ƙera ta da yawa don kasuwa. Abin da ke tashe yanzu shi ne soka mata katin ƙari, ɗan allon da ke samar da sabbin ƙofofin waya, wasu na karɓar saƙo, wasu na ba da umarni. Kowane babban kamfani da nasa. Katin MCB 105 na Danfoss yana ƙara rile 3, FIO-11 na ABB yana karɓar awo daga na'urori 3, TB30 na Siemens kuwa ya haɗa ƙofofin kunnawa da kashewa da na awo. Amfaninsu a bayyane yake. Idan aka haɗa ma'aunin ƙarfin ruwa da inbatar famfo, za ta rage gudu da kanta in buƙata ta ragu, kuma a famfo ko fanka rage gudu da kashi 20 cikin 100 kan sauke cin wuta kusan zuwa rabi. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke ƙona dizal a janareto ba sai an yi masa wa'azi kan wannan ba.

Inda nake ja da baya shi ne yadda wasu ma'aikatan lantarki ke ɗora wa katin aikin da ba nasa ba. An fara da auna zafin mota, gobe a jona bawul ɗin tanki, jibi bel ɗin da ke ɗaya sashen, har da ƙararrawar gargaɗi, duk don gudun sayen PLC, kwamfutar da aka ƙera musamman don tsara aikin injina. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Inbata na cikin kayan da suka fi shan wahala a akwatin lantarki: tana ɗaukar wuta mai ƙarfi, tana yin zafi, fankarta na zuƙar ƙura, yawancinsu kuma ana rage musu nauyin aiki da zarar zafin wuri ya haura digiri 40, abin da ba labari ba ne a watan Afrilu a ƙasar Hausa. Ranar da ta ƙone, ba mota ɗaya ce ta tsaya ba, duk tsarin da aka ɓoye cikin saitinta ya tafi da ita. Ga shi katin wani kamfani ba ya shiga inbatar wani, don haka wanda bai samu irin tasa a kasuwa ba sai ya sake wayarin da saiti daga tushe.

Za a ce PLC na da tsada, mai rubuta mata umarni ma ba a ko'ina ake samunsa ba. Gaskiya ne, shi ya sa a famfo ɗaya mai tanki ɗaya kati ya wadatar, sayen PLC a nan almubazzaranci ne. Amma lissafin ya canja da zarar injina uku ko huɗu sun dogara da juna, domin kwana biyu na zaman banza a injin casar shinkafa ya isa ya cinye rarar da aka yi. Za a kuma ce inbatocin zamani na da ɗan tsarin tunani a cikinsu. Suna da shi, sai dai yana zaune ne a lambobin saiti da mutum ɗaya ya sani, in ya bar aiki magajinsa sai lalube. Hanyar da inbata za ta yi magana da PLC kuwa ba sabuwa ba ce, Modbus na nan tun 1979, yawancin inbatoci da shi suke zuwa.

Saboda haka kafin ka sayi kati, tambayi kanka ko saƙon da za ka jona na motar nan ne ita kaɗai. In nata ne, jona shi, ka rubuta saitin a takarda ka ajiye a ƙofar akwatin. In ya shafi wani inji, kai shi PLC.