Dodo ma yana son ransa

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, wanda daga baya ya haifi ɗaruruwan irinsa. Mutum huɗu ko biyar ke zama a kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, sai mutum ɗaya, jagoran wasa, ya riƙe ragowar duniyar: gari, daji, sarki, ɓarawo da dodo. Idan aka kai sara ko aka yi tsalle, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wata mai fuska shida wata mai fuska ashirin, ita za ta faɗi ko an dace. Matashin da ke kwana a fada a Maraɗi yana buga belot da ludo ba zai sha wuyar gane shi ba, domin tatsuniya ce da masu saurare ke da hannu a cikinta. Abin da ya fi cin lokacin wasan shi ne faɗa, kuma a nan masu tsara shi suka rabu. Wasu na auna dodo da alƙaluma, ƙarfinsa kaza, saran da zai iya shanyewa kaza, su jera shi gaban jarumai ya tsaya har a kashe shi. Wasu kuma, waɗanda muryarsu ke ƙara ƙarfi a ƴan shekarun nan, sun ce a fara tambayar me dodon yake so, me yake tsoro, ina ya sani fiye da baƙin da suka shigo masa. Ina tare da na biyun, kuma ina ganin Bahaushe, musamman na kwarin Gulbin Maraɗi, ya fi kowa dalilin kasancewa tare da su.

Lissafin ba banza ba ne, da dalilinsa. Tun bugu na uku na wasan a 2000 aka ba kowane dodo lamba mai nuna matakin jaruman da za su iya da shi, bugu na biyar na 2014 kuma ya kasa faɗa gida huɗu, daga mai sauƙi zuwa mai kisa, har ya ƙiyasta cewa tawaga za ta iya jure matsakaici ko mai wuya shida zuwa takwas a yini. Wannan ya taimaki sabon jagora kada ya hallaka abokansa cikin rashin sani. Amma ya koya wa mutane da yawa kallon abokin gaba kamar buhun da ake duka har ya fashe. Alhali tsohon littafin ƙa'ida na 1981, wanda Tom Moldvay ya shirya, yana da dokar karayar zuciya: idan na farko ya faɗi a cikin rundunar dodanni, ko rabinsu suka ƙare, sai a jefa ƙwaya biyu a ga ko saura za su tsaya, ko su gudu, ko su miƙa wuya. A 1987 mujallar Dragon ta buga labarin wani jagora mai suna Tucker, wanda ya ɗauki kobol, ƙananan halittu daga cikin mafi rauni a wasan, ya sa su cikin ƙunƙuntattun ramuka suna harbi ta kafofin bango suna cinna wuta, har manyan jarumai suka fi tsoron ratsa unguwarsu fiye da haɗuwa da manyan aljanun da ke can ƙasa. Littafin Keith Ammann na 2019, The Monsters Know What They're Doing, wannan tunanin ya farfaɗo: halittar da ta rayu har ta girma ta san yadda ake tsira, ba za ta yi faɗa irin na wanda ya gaji da duniya ba.

Mu ma muna da wannan ciwon a gida. Littattafan yaƙi na Hausa, waɗanda marubuta irin Abdulaziz Sani Madakin Gini suka yi suna da su a Kano, suna da masoya daga Kantin Kwari har kasuwar Maraɗi, yanzu ma ana sauraron su a waya. Ina ƙaunar wannan adabin, kuma jikan Ganɗoki ne na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Sai dai wata ɗabi'a ta yi yawa a cikinsa: idan marubuci yana son ya ƙara tsoro, sai ya ƙara adadi. Aljanin babi na biyu mai kai uku ne, na babi na biyar mai kai tara, dakarun matsafi dubu ɗari, kuma dukansu su yi ta rugowa kan takobin jarumi ɗaya bayan ɗaya, babu mai waiwaye. Mai karatu ya san ƙarshen tun kafin a zare takobi, shi ya sa yake tsallake shafukan faɗa ya nemi inda ake ƙulla makirci. Duk wanda zai tsara irin wasan teburin nan da Hausa, daga waɗannan littattafan zai fara ɗebo kaya, kuma tsorona shi ne ya ɗebo adadin ya bar dabara.

Kakanninmu ba haka suka gina abin tsoro ba. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ba shi da runduna. Abu ɗaya ya riƙe, ruwa, kuma ya kafa doka, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Da wannan kaɗai ya mallaki gari. Bayajida bai je masa da rana tsaka yana kirari ba. Ya zo da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya je da dare da guga, kuma bayan kisan sai da aka yi ta neman wanda ke riƙe da kan, saboda kisan ya sauya sarauta. Wuri, buƙata, shiri da sakamako duk suna nan. Dodon tatsuniya ma haka yake: yana da yunwa, yana son a ba shi ɗiya aure, yana riƙe alkawari da zafi, ana iya yaudararsa, a labarai da dama kuma karnuka ne ke gamawa da shi. Yaro na jin tsoronsa ne saboda yana da hali.

Tarihin ƙasar nan ya fi tatsuniya bayani. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. A 1836 Katsinawan Maraɗi da Gobirawa da abokansu Buzaye suka fito fili suka yi gaba da gaba da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka yi musu mummunan kaye, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka kwanta a nan. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi, kuma garuruwan biyu suka rayu gaban daular da ta fi su mutane da dawaki nesa ba kusa ba. Abin da ya raya su shi ne sanin inda za su yi faɗa da inda ba za su yi ba. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwarin gulbi take, cikin duhuwar itatuwa, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. A irin wannan wurin ɗan lifidi, da nauyin kayansa da dokinsa, ba ya samun filin sukuwa, ɗan baka mai kibiyar dafi kuwa kowane kututture garkuwarsa ne. Zamanin sarakunan Maraɗi Ɗan Mari da Ɗan Baskore hari aka fi yi: a fita cikin sirri, a faɗa wa wuri, a juyo kafin gudummawa ta iso. Bature Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ratsa dajin da ke tsakani cikin ayarin da ke tafe da fargaba. Ɓangaren Sakkwato kuma bai zauna ba, ya amsa da ribaɗoɗi, garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka. Kowane ɓangare yana karanta ɗan'uwansa yana sauya salo. Jagoran wasa da ya fahimci wannan ba ya buƙatar aljani mai kai tara. Ƴan baka shida a mashigar gulbi da damina, waɗanda burinsu su kwashe jakunan ayari su ɓace, kuma za su watse da zarar shugabansu ya ji rauni, sun isa su sa jarumai huɗu su yi shawara kafin su taka ruwa.

Za a ce dodo mai wayo zalunci ne ga masu wasa, tunda jagora ya san komai, ya ji shirinsu da kunnensa, idan ya ga dama sai ya kashe su ya ce dabara ce. Wannan ƙorafin yana da nauyi, kuma akwai jagororin da ke fakewa da shi don su ci abokansu. Maganinsa shi ne dodo ya yi aiki da abin da shi dodon ya sani kawai. Kura ba ta san wane ne mai magani a cikin tawaga ba, ta dai san wanda ya ware da wanda ke ɗingishi. Matsafi ya sani, amma yana da girman kai, kuma ba zai bar tsafinsa ba ko da gida na ci da wuta. Sannan a bar alama: sawu a yashi, gawar jaki a bakin hanya, tsohuwa da ke gargaɗi. Wanda aka gargaɗa ya shiga, shi ya zaɓa. Abin da masu wannan ƙorafin ke mantawa shi ne dodon da ke son ransa ya fi sauƙin rabuwa da shi lafiya. Yana gudu, yana karɓar fansa, ana iya toshe masa ruwa ko a ba shi hanya. Wanda aka tsara ya tsaya har mutuwa shi ne ke tilasta a yi ta sara har ɗaya ya ƙare, kuma shi ke cinye awa biyu na zaman da aka yi don nishaɗi.

Ƙorafi na biyu ya fi taɓa ni, domin na gida ne. Yau mutanen Madarunfa da Gidan Runji da maƙwabtansu na Katsina da Zamfara suna kwana da tsoron ƴan bindiga, kuma harin ƙarni na 19 da na ambata kamun bayi ne da ƙone ƙauyuka, daga kowane ɓangare. Wani zai ce bai dace a mai da wannan wasa ba. Amsata ita ce faɗan da ba shi da nauyi, inda ake kashe dubbai babu mai suna babu mai kuka, shi ne ya fi kusa da raina jini. Idan maharan cikin wasa mutane ne masu yunwa da tsoro da shugaba, masu wasa za su ga cewa takobi na da farashi, za su kuma tarar da ƙauyen da aka bari a baya yana jiran su da tambaya. A kan wannan dalilin ne kuma ba na goyon bayan a kwashi sunayen iskokin bori, irin su Doguwa, a liƙa musu lamba a jera su cikin abin kashewa. A Tibiri da Jiratawa akwai gidajen da waɗannan sunayen ba almara ba ne a wurinsu, akwai kuma malamai da iyayen da ba za su bar wasan ya shiga gida ba idan suka ji su. Mai tsara wasa yana da kura da zaki da kada, yana da ƴan fashi da matsafan da zai ƙirƙira da kansa, yana da rijiya da mashigi da ganuwa da duhuwar gulbi, kuma kafin ya rubuta ƙarfin kowane ɗaya daga cikinsu, ya fara rubuta abin da zai sa ya juya baya ya gudu.