Sharhi a kan Zancen Sa wa Dambe Doka

Tun da Turawa su ka fara rubutu a kan dambe a ke maimaita zance guda, wai wasa ne marar ƙa'ida, sai hukuma ta shigo za ta ba shi tsari. Yanzu ma da masu shirya dambe na zamani su ke nuna shi a talabijin da intanet, wannan zance su ke yi. Mu kuwa muna ganin ya kamata malamai su auna shi kafin su koya wa ɗalibai.

Asalin zancen yana cikin labarin tafiyar Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya biya kuɗin wuri aka kawo masa su, mahauta da makaɗa suna biye. Amma kafin a fara sai ya hana a yi da gaske, don a ganinsa ba a rabuwa sai an yi gawa. Watau abin da ya kalla kwaikwayo ne, shi kansa ya sa aka yi, hukuncin da ya yanke kuwa a kan abin da bai gani ba ne. Duk da haka waɗanda su ka biyo bayansa su ka ɗauka kamar shaida ce.

Wanda ya tashi a ƙasar Zazzau, ko Ikara ko Makarfi ko Kudan, inda a kan yi wasa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, ya san dambe cike ya ke da doka. Hannu ɗaya a ke naɗewa da zare, shi ne mashi, ɗayan kuwa garkuwa ne. Turmi uku a ke yi, in ba kisa a raba. Kisan nan kuwa ba mutuwa ba ne, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa shi aka kashe, ba a kuma ƙara masa bugu. (Kalmar nan ta rikita baƙi da yawa, mai yiwuwa ita ce rabin tsoron da su ke ji.) Sarkin dambe na da ikon hana karo, sarkin fawa na bayansa, hakimi na bayan sarkin fawa. Ko makaɗin kalangu mai hukunci ne, gama wanda bai isa ba, ba a kaɗa masa take. Waƙoƙin Ɗan Anace ga Shago sun ishe mu shaida: rabinsu lissafi ne na wa ya kai a gwada shi da wa.

Amma fa kada son al'ada ya rufe mana ido. Dokar gargajiya tana tsaye ne bisa sanayya. A ƙauye kamar Gazara kowa ya san ɗan wane, ya san shekarunsa, ya san bara an buge shi ya suma. Da dambe ya koma gidajen wasa na birni, a Kano ko Dei-Dei ta Abuja, ana karɓar kuɗin ƙofa, ana yi rani da damina, sanayyar nan ta ɓace. Saurayin da aka jijjiga wa ƙwaƙwalwa yau a wannan gari, jibi yana wani gari yana naɗe hannu, ba mai tambaya. Nan ne gargajiya ta gaza, nan kuma a ke bukatar hukuma.

Masu neman misali su kan nuna Nijar. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta kafa gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga nan aka gina filaye, aka naɗa alƙalai, jihohi su na karɓar gasar bi da bi. Lalle kokawa ta sami daraja. Sai dai a lura, kokawa kayarwa ce, dambe kuwa bugun kai ne, haɗarinsu ba ɗaya ba. Kuma abin da gwamnatin soja ta nema shi ne haɗa kan ƙasa, ba tsaron lafiyar ɗan wasa ba.

Misalin da ya fi dacewa da mu na Ingila ne. Hukumar damben ƙasar an kafa ta a 1929, tana da littafin dokoki mai kauri. Duk da haka da Michael Watson ya sami rauni a ka wajen karonsa da Chris Eubank a 1991, ba a tanadi taimakon gaggawa yadda ya kamata a bakin fage ba, kotu kuwa daga baya ta ɗora wa hukumar alhaki. Haka kuma gaurayen faɗan nan na zamani, mai haɗa naushi da shuri da kokawa: jihar New York ta Amurka ta hana shi har 2016, Faransa har 2020, daga ƙarshe dukansu su ka gane gara a halatta, a sa likita da ma'auni, da a kore shi ya koma ɓoye.

Saboda haka laifin da mu ke gani ga masu zancen gyara shi ne sun fi damuwa da abin da ido ke gani: igiyar fage, da tufafi iri ɗaya, da agogo. Waɗannan ba su hana mutuwa. Raba 'yan wasa bisa nauyi yana da amfani, ba mu musu, ko da ya ke zai kashe wani abu da 'yan kallo ke ƙauna, watau ƙarami ya kayar da ƙato. Abin da ya fi gaggawa shi ne ma'aikacin lafiya a bakin fage, da mota a shirye, da littafi guda inda za a riƙa rubuta sunan duk wanda ya suma, a hana shi wasa har wa'adi ya cika. Wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma kamar Makarfi ko Ikara ba, muddin sarkin dambe ne zai riƙe littafin, gama shi 'yan wasa ke jin maganarsa, ba magatakarda ba.